Ragowar Baƙi

Duk wanda ya san gidanmu a Gumel ya san ba a ajiye abu mai kyau inda Baffa zai gani. Ba wai yana da dogon hannu ba, Allah ya kiyaye. Ciwonsa kyauta. In baƙo ya yaba hular da ke kansa, to hular ta tafi. A haka rediyonsa ta koma Gagarawa, agogon bangonmu kuwa yana Sule Tankarkar, har yau in mun je gaisuwa muna ganinsa yana faɗa wa wasu lokaci. Inna takan ce da ita ma wani ya taɓa yaba ta a gabansa, da tuni tana wani gari. Ga gidan kuma a bakin hanyar Maigatari, duk wani dangi da zai ci kasuwar Alhamis sai ya yada zango a zaurenmu, da tafiya da dawowa.

A cikin wannan gidan Allah ya ɗora mini son zane, ni Safara'u. Da ƙyar da jiɓin goshi Baffa ya bar ni na shiga sashen zane a kwaleji, shi ma da sharaɗi. Na farko, ban da zana mai rai. Na biyu, faɗuwa ɗaya ya yarda da ita, in na sake sai in tattara fentina in koma sashen da yayata ta yi, in fito malamar Hausa kamar kowa. To faɗuwa ɗayar nan na riga na cinye ta bara, a darasin Malam Saifuddeen. Bana kuma gabansa na sake dawowa.

Aikin da ya ba mu ba wani abin tashin hankali ba ne a ido: a zana kayan marmari a jere. Na nemo hoto a waya, tuffa jajaye da inabi a cikin kwanon gilashi, na kwafe shi tsaf, na kai masa ina jin kaina. Ya ɗaga ya duba, ya ajiye kamar wanda aka miƙa wa tuwon jiya.

"Kin taɓa cin irin wannan inabin?"

"A'a, Malam."

"Ya nuna. Tuffar nan taki ta roba ce. Ja ɗaya kika ɗebo kika shafe ta da shi kamar mai fentin ƙofa. Je ki kasuwa ki sayo abin da bakinki ya sani, ki zauna a gabansa. Mai santsi in gan shi da santsinsa, mai kaushi in ji kamar zai kankare mini yatsa. Kuma in na kalli hoton in san halin da mai shi take ciki. Litinin mai zuwa nake karɓa, bayanta ko kin kawo ba ni gani."

Na fito ina ƙunƙuni. Halin da nake ciki! Ina ruwan mangwaro da halin da nake ciki?

Amma na je kasuwar. Bazara ce, mangwaro ko'ina. Na zaɓi biyu, ɗaya ya nuna ya yi ruwan ɗorawa da ɗan ja a kafaɗarsa, ɗaya kuma da sauran kore a jikinsa. Na haɗa da kankana, lemo, goruba, da ɗan dabino. Mai kankanar har ya gaji da ni, don shi yana ƙwanƙwasa mini wadda ta nuna, ni kuwa ina juya su ina duba wadda zanen bayanta ya fi fitowa.

Ɗakinmu duhu gare shi, taga ɗaya ce ita ma kamar ta kurkuku. Wuri ɗaya ne a gidan yake da hasken kirki, ƙarƙashin rumfar da ke bakin ƙofar shigowa daga zaure, inda hantsi yake ratsowa ta gefen zana ya sauka a ƙasa a hankali. Nan na shimfiɗa tabarma, na ɗauko tsohon tiren Inna mai furanni wanda gefensa ya ɗan ɓantare, na yanka kankanar na jera komai. Gaskiya sai da na zauna na zuba musu ido na gane abin da Malam yake nufi, ko da yake ban so na gane ba. Ashe jan kankana ba ɗaya ba ne. A tsakiya jawur yake, yana tafiya yana kodewa har ya zama fari kafin ya taɓa koren ɓawo. Goruba kuma da nake ganinta ruwan ƙasa kawai, ashe tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa, ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jikinta. Dabinon ya yamutse, haske yana maƙalewa a cikin kowane lanƙwasa.

Na fitar da siffarsu da fensir, na fara shimfiɗa fentin farko, sai rana ta ɗaga hasken ya gudu. Ba komai, na ce, gobe war haka in ci gaba. Na tashi na je bayan ɗaki wanke burushi.

Da na dawo, tabarma ce kawai.

Daga zaure nake jin muryar surukan Baffa na Gagarawa, da wani irin zuƙe-zuƙe da ba ya bukatar bayani. Can sai ga Baffa ya shigo da tire a hannu, fuskarsa fal fara'a.

"Allah ya yi miki albarka, Safara'u. Ina shigowa neman abin da zan fitar wa mutane na tarar har kin yanka kin jera. Haka ake son ɗiya."

Mutum yana sa maka albarka, ta ina za ka fara? Na ce amin, na wuce kicin na sauke wa Inna. Ita kuwa dariya ta yi har tana riƙe ciki.

"To ke fa da abinki. A garin nan wa ya taɓa jera kayan marmari a tire don a kalla? Ai kura kika ba ajiyar nama."

Bayan la'asar na sami Baffa shi kaɗai, na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara da kyau, har yana gyaɗa kai.

"Ashsha, ban sani ba. To ai ba abin damuwa. Kankana ai kankana ce, a sayo wata."

"Baffa, ba za ta zama irin waccan ba. Na riga na fitar da siffar waccan."

"Waccan ɗin ƙaho gare ta?"

Na tashi na bar masa wurin. Da wani ne ba shi ba, da ya ji amsa.

Washegari na sake sayowa, na goge na jiya, na fara sabo. Da hasken ya tafi na ɗauke tiren da kaina, na rufe da faifai, na tura shi can ƙarƙashin gadonmu, na ja ƙofa. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. Zafin ɗakin nan ko ƙarfe aka ajiye sai ya yi laushi, ga wuta ba a maganarta. Da safe na jawo tire na tarar kankana ta saki ruwa ta yi yauƙi, mangwaro ya yi baƙin tabo, tururuwa kuwa sun yi sahu kamar an gayyace su walima. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata, kukan takaici, wanda ba ka son kowa ya ba ka haƙuri a kansa.

Ranar Juma'a na yi sammako na sayo na uku. Wannan karon sai da na bi gidan kaf na yi shela. Na gaya wa Inna, na gaya wa yayata, na tsaya gaban Baffa na ce masa wannan tiren na makaranta ne, shi ne na ƙarshe, in ya tafi karatuna ya tafi. Ya ce, "Na ji, ba mai taɓa miki." Na ƙudura a raina ko ƙishirwa za ta kashe ni ba zan tashi daga gabansa ba.

Aikin kuwa ya fara kyau. Na gano in na ɗan sa shuɗi a inuwar lemon sai ya taso daga tiren kamar a ɗauka. Na gano ba a zana sheƙin goruba da fari tsantsa, sai an karya shi da ɗorawa. Hannuna ya saki, har na fara 'yar waƙa a ciki.

Sai na ji sallamar Baba Ilu.

Baba Ilu aminin Baffa ne tun suna samari, dillalin dabbobi daga tsallaken iyaka, wajen Damagaram. In ya ci kasuwar Maigatari yakan ƙaraso Gumel ya yi mana kwana biyu. Shi ba baƙon zaure ba ne, har tsakar gida yake shigowa ya gaisa da Inna. Dogo ne, mai ƙatuwar murya, ga giɓi a haƙoransa na sama tun da wani raƙumi ya yi masa karo da kai. Ya shigo Baffa yana biye da shi, ya zube a kan tabarmata, daidai gaban tiren.

"Ɗiyata! Muna lafiya? Kai, masha Allahu, wannan gida ba ya rabo da alheri. Tun jiya a kasuwa maƙogwarona yake kamar an zuba rairayi."

Na dubi Baffa. Baffa ya dube ni. Ya sani, wallahi ya sani, na gani a idonsa. Ya dubi tiren, ya dubi amininsa da ya riga ya ɗora ido a kan kankana. A wurin Baffa, baƙo ya ga abinci a gidanka ka ce masa ba na ci ba ne, gara a ce gidan ya ƙone.

"Bismillah, Ilu," ya ce, ya kawar da kai daga gare ni.

Na farko an ci a bayan idona. Wannan kuwa ina zaune, burushi a hannuna da fenti a bakinsa, aka cinye mini jarrabawa. Baba Ilu ya ɗauki yankan kankanar da na ɓata hantsi guda ina haɗa janta, ya kai baki, yana tofar da 'ya'yan a tire. Ya tsotse mangwaron nan har sai da ƙwallon ya yi fari. Ya watsa dabino. Sannan ya ɗauki goruba ya shiga gwaigwaya yana ba Baffa labarin farashin raguna.

"Wai me kike shafawa ne a ƙyallen nan, ɗiyata?"

"Aikin makaranta ne, Baba. Abin da ke tiren aka ce mu zana."

"Ikon Allah! Mushenku ne ya ce haka? To ku a lakwal ɗinku ba a ci, sai dai a kalla?" Mushe da lakwal, haka suke kiran malami da makaranta a tsallaken iyaka. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Yi maza ki zana kafin in gama."

Baffa bai yi dariya ba, bai kuma ci ko ƙwaya ɗaya ba. Amma wannan bai rage mini komai ba. In da na yi magana a lokacin da sai an yi mini baki.

Da suka tashi shirin masallaci suka bar ni da tiren. Lemo ɗaya ne ya tsira, shi ma don Baba Ilu ba ya son tsami. Inna ta leƙo ta ce in miƙo ta zuba wa awaki ta wanke abinta. Na ɗauka zan miƙa, sai wani baƙin ciki ya taso mini, na dangwarar da shi a inda yake.

"Bar shi, Inna. Ba halin da nake ciki yake son gani ba? To zai gani."

Ba wata hikima ce ta zo mini ba, kada a yi mini shaidar da ban kai ba. Haushi ne zalla. Na ɗauko fari na shafe duk abin da na yi da safe, na jira zafin rana ya busar, na fara zana ɓarnar da aka yi mini. Hasken hantsi mai taushi ya riga ya tafi, saura na tsakar rana mai duka, wanda yake sa inuwa ta yi gajarta ta yi baƙi. Na ce shi ma ya yi, ai da shi aka cuce ni.

Tun ina danna burushi kamar mai faɗa da ƙyallen, har na fara lura. Ɓawon kankanar nan yana da launi fiye da lokacin da take cikakkiya: kore mai duhu a baya, fari a tsakiya, sai wani ja mai kodewa inda haƙori ya kankare ya bar layi-layi. 'Ya'yan da aka tofar baƙaƙe ne masu jiƙa, kowanne da ɗigon haske a bayansa. Ƙwallon mangwaro ya yi buzu-buzu da zare, sai da na nemo tsohon burushin da ya bushe ya tauri kafin na samu kaushinsa. Gorubar ce ta fi ba ni wuya. Gefe ɗaya tana nan da santsinta da sheƙinta, gefe ɗaya an gwaigwaye ta har zaren ciki ya fito ruwan ɗorawa, kuma a tsakiyar kowane cizo akwai ɗan tudu siriri da ya tsira, inda giɓin Baba Ilu ya bi ta kai bai taɓa ba. Na zana shi yadda yake, ina yi ina tsaki. A can gefe kuma ga lemon nan shi kaɗai, cikakke, ba wanda ya kula shi.

Wannan ne karon farko a tarihin gidanmu da tire ya kwana a rumfa ba wanda ya ɗauka. Baƙi sun zo sun tafi, Baffa ya wuce ta gabansa ya fi a ƙirga, ko kallo bai ishe shi ba. Da awaki kawai na yi ta fama, sai Inna da ke bina da zancen ƙuda. Zuwa Asabar ɓawon ya fara nannaɗewa, jan ya koma ruwan ƙasa, ruwan da ya zuba a tire ya bushe ya bar tabo mai danƙo a kan furannin. Na bi su na ƙara. Tsakanina da Baffa kuwa gaisuwa ce kawai, ina gaishe shi ina kallon ƙasa, yana amsawa yana kallon bango.

Ranar Lahadi da hantsi na sa hannu na ƙarshe, na jingina hoton a bangon rumfa ya sha iska. Ban san ko yana da kyau ba. Na dai san duk wanda ya kalle shi zai san an yi wa wata ba daidai ba. Ko ba komai ba a fafe gora ranar tafiya, wannan ɗin shi zan kai gobe, ba ni da wani.

Sai ga Baba Ilu ya shigo sallama da Inna, jakarsa a kafaɗa, Baffa a bayansa. Ya zo wucewa ya tsaya cak. Ya sunkuya. Ya miƙa yatsa kamar zai taɓa ƙwallon mangwaron, ya janye.

"La ilaha illallahu. Wannan ai sai ƙuda ya sauka a kai." Ya ƙara matsawa, sai ya daka tsalle kamar yaro. "Kai! Kai, abokina, zo ka gani! Wannan ai haƙorina ne! Ga giɓina nan, wallahi ga shi nan a jikin goruba!"

Ya yi dariya har da hawaye, ya sa yatsa a giɓin nasa yana gwadawa da hoton. Sannan ya daɗe yana kallo.

"Amma lemon nan ya ba ni tausayi," ya ce a hankali. "Kamar wanda aka tashi aka bari." Ya juya wajen Baffa. "Ban taɓa ganin abin da ya burge ni irin wannan ba. Da zan samu in kai wa uwargidana Kyauta ta gani, ta rataye mana a ɗaki, da ta yarda ɗiyarka ta fi mai hoto."

Inna tana tsintar shinkafa, hannunta ya tsaya a cikin faranti. Kowa a gidan nan ya san abin da ke biyo bayan irin wannan magana. Rediyo ta ji ta, agogo ya ji ta. Ba ni da bakin cewa a'a a gaban babba, kuma ko na faɗa, kunyar da zan ba Baffa ta fi faɗuwa jarrabawa muni. Na tsaya ina kallon karatuna zai hau mota ya tsallaka iyaka.

Baffa ya sunkuya ya ɗauki hoton da hannu biyu. Tunda na fara zane bai taɓa tsayawa ya kalli aikina ba, sai ranar. Ya kalli ɓawon, ya kalli ɓantararren gefen tiren Inna, ya daɗe a kan lemon. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta gefen hularsa sabuwa da bai daɗe da saya ba. Baba Ilu har ya gyara jakarsa ya miƙo hannu.

"Ilu," in ji Baffa. "Ka yi haƙuri. Wannan ba nawa ba ne."

Ya mayar da hoton ya jingina a bango, a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

Baba Ilu ya ɗan yi turus, don a tsawon zamansu bai taɓa jin wannan kalma daga bakin Baffa ba. Sannan ya wayance da dariya, ya ce ai wasa yake, Allah ya ba ɗiyarsa sa'a a wurin mushe. Suka fita rakiya. Inna ta dube ni, na dube ta.

Da Baffa ya dawo, kansa ba hula. Ya tsaya a bakin rumfa, rana tana dukan furfurarsa, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Gobe ni zan kai ki da kaina, kada a goge shi a cikin adaidaita."

"To, Baffa. Na gode." Haushin da nake ji tun Juma'a ya narke, na rasa inda zan sa idona.

Ya juya zai koma zaure, sai ya tsaya.

"Ki ɗauke shi daga nan ki kai ɗaki ki rufe. Kada wani ya sake shigowa ya yaba. Ban san ko zan iya sau biyu ba."